Sa Francis Burdett: Tambayoyi da Amsoshi kan Attajirin da Talakawan Landan Suka Ɗauka Nasu

A farkon ƙarni na 19 babu ɗan majalisar Ingila da talakawan birnin Landan suke ƙauna kamar Sa Francis Burdett. Mutum ne mai gidaje da gonaki na gado, surukin mai bankin sarki, amma sau biyu ana kulle shi saboda abin da ya rubuta a kan masu mulki. Da tsufa ya zo kuma, sai ya koma ya zauna tare da waɗanda ya shekara talatin yana yaƙa. Ga tambayoyin da aka fi yi game da shi.

Wane ne shi, a taƙaice?

An haife shi ranar 25 ga Janairu, 1770, ya rasu ranar 23 ga Janairu, 1844. Ya yi karatu a makarantar Westminster da kwalejin Christ Church ta Oxford, sannan ya yi yawon ganin ƙasashen Turai kamar yadda 'ya'yan masu hali suke yi a zamanin. Yana birnin Faris a farkon juyin juya halin Faransa, ya ga yadda ake muhawara a kan sarauta da haƙƙin talaka da idonsa. Ya shiga majalisar wakilai a 1796, kuma in ban da ɗan katsewa tsakanin 1804 da 1807, a cikinta ya zauna har ya mutu. Shi ne na biyar a jerin waɗanda suka riƙe sarautar baronet a gidansu.

Mece ce sarautar baronet? Irin "Sa" ɗin Sardauna da Tafawa Ɓalewa ce?

A baki ɗaya suke, a doka sun bambanta. Lambar girma da aka ba Sa Ahmadu Bello da Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ta mutum ɗaya ce, in ya mutu ta tafi da shi. Ta baronet kuwa gado ce, tana sauka daga uba zuwa babban ɗa namiji.

Sarki James na Ɗaya ya ƙirƙiro ta a 1611, kuma dalilin bai ɓoyu ba: kuɗi yake nema. Duk mai son sarautar sai ya biya fam 1,095, kuɗin riƙe sojoji 30 na shekara uku a yankin Ulster na ƙasar Ailan, kuma sai ya nuna cewa gonakinsa suna kawo masa aƙalla fam 1,000 a shekara. Gidan Burdett ya samu tasa a 1619, wato suna cikin na farko-farko.

Abin da ya fi muhimmanci ga labarinmu shi ne baronet ba ya cikin masu kujerar gado a majalisar dattawa. In yana son shiga majalisa, sai ya nemi kujerar majalisar wakilai kamar kowa. Da Burdett ya gaji sarautar da ta fi wannan girma, da an ɗauke shi zuwa majalisar dattawa, da kuma ba a taɓa jin amonsa a titunan Westminster, wata unguwa a Landan, ba.

Daga ina dukiyar gidansu ta fito?

Daga ƙasa. Babban gidan zuriyar shi ne Foremark a gundumar Derbyshire, wanda kakansa Sa Robert Burdett ya sake ginawa wajajen 1760. Ta wajen mahaifiyarsa, Eleanor Jones, gidan Ramsbury da gonakinsa a gundumar Wiltshire suka shigo hannunsa. Mahaifinsa ya riga kakan rasuwa, saboda haka a 1797 sarauta da gado suka tsallake kai tsaye zuwa ga jika, yana ɗan shekara 27.

Irin waɗannan masu ƙasa ba sa noma da hannunsu. Ana yanka ƙasar gona-gona a ba manoma haya, su biya kuɗi sau biyu ko sau huɗu a shekara, wakilin maigida ya karɓa ya rubuta a littafi. Kuma ba a raba gadon ƙasa tsakanin 'ya'ya kamar yadda shari'ar Musulunci ta tsara. Babban ɗa namiji ne ke kwashe gida da gonaki, ƙanne su shiga soja ko aikin coci ko lauya, 'ya'ya mata a haɗa su da kuɗin aure. Haka dukiya take zama dunƙule ɗaruruwan shekaru a hannu ɗaya. Wanda ya gaje ta ba ya buƙatar albashi ko muƙami daga kowa, kuma wannan 'yancin ne jarin siyasar Burdett. A lokacin ba a biyan 'yan majalisa ko sule, gwamnati kuma da muƙamai da fansho take sayen goyon bayansu. Shi babu abin da za a saye shi da shi.

Wa ya aura?

Sophia Coutts, a 1793, 'yar autar Thomas Coutts, mai bankin da Sarki George na Uku yake ajiya a cikinsa. Ta zo da fam 25,000. Yayyenta mata biyu sun auri manyan masu sarauta, ɗaya mai sarautar Guilford, ɗaya mai sarautar Bute. Sai a duba halin da tsohon ya shiga: abokan cinikinsa sarki da ministoci ne, surukinsa kuma kullum yana majalisa yana ce musu azzalumai.

Auren ya sha gwagwarmaya. Hulɗar Burdett da matar mai sarautar Oxford ta zama abin tsegumi a Landan, har abokan gaba suka riƙa yi masa gori da ita lokacin zaɓe. Duk da haka shi da Sophia sun zauna tare shekara hamsin.

Gaskiya ne sayen kujerarsa ta farko aka yi?

Gaskiya ne. Kujerar Boroughbridge ce, wani ɗan gari a Yorkshire mai 'yan tsirarun masu ƙuri'a, wanda gidan mai sarautar Newcastle ke juyawa yadda ya ga dama. An biya kimanin fam 4,000. Ba a ɓoye ake irin wannan ciniki ba. Akwai garuruwan da suka kusa zama kufai amma suna tura wakilai biyu-biyu, alhali manyan biranen masana'antu kamar Manchester da Birmingham ba su da wakilin kansu ko ɗaya. Mutumin da zai yi suna wajen zagin dillalan kujeru ta hannun dillalan ya shigo, kuma bai taɓa musun haka ba.

Me ya fara fito da sunansa?

Gidan yari. Ana tsakiyar yaƙi da Faransa, gwamnatin William Pitt ta dakatar da dokar da ta hana a tsare mutum ba tare da an kai shi gaban alƙali ba, aka kama 'yan neman sauyi aka zuba a kurkukun Coldbath Fields da ke Landan. Cikinsu har da Kanar Edward Despard, wanda matarsa Catherine ta riƙa rubuta koke kan halin da yake ciki. Burdett ya je da kansa ya gani: ɗakuna na dutse babu wuta a tsakiyar hunturu, taga babu gilashi, abinci burodi da ruwa, shugaban gidan yarin, Thomas Aris, yana tatsar fursunoni. Daga ƙarshen 1798 ya riƙa tayar da maganar a majalisa. Martanin gwamnati shi ne ta hana shi shiga gidajen yari. Wannan hanin ya fi jawabansa ɗaga shi a idon jama'a.

A wannan lokacin ne kuma ya zama almajirin John Horne Tooke, tsohon ɗan gwagwarmaya da ke zaune a Wimbledon. Daga wurinsa ya ɗauki ra'ayin da bai taɓa saki ba, cewa Ingila tana da tsohon tsarin 'yanci tun kaka da kakanni, wasu tsiraru ne suka sace shi, aikin mai gyara kuma shi ne ya maido da shi.

Me ya faru a zaɓen Middlesex?

Rigima ce ta shekara huɗu. A 1802 ya tsaya takarar kujerar Middlesex, gundumar da ta haɗa da yawancin Landan, da William Mainwaring, shugaban alƙalan gundumar wanda ya kare hukumar kurkukun. Ana jefa ƙuri'a ne a garin Brentford, kwanaki a jere, a bainar jama'a, mutum ya hau dandali ya faɗi sunan wanda yake so kowa yana ji. Burdett ya ci, amma da ƙuri'un ɗaruruwan mutane da aka yi wa rajista a matsayin masu hannun jari a wani injin niƙa na Isleworth, don su cika sharaɗin mallakar ƙasa mai kawo sule 40 a shekara. Majalisa ta soke zaɓen a 1804. Aka sake, ɗan Mainwaring ya ci da ƙuri'u kaɗan. A 1805 aka karɓe aka ba Burdett, a 1806 aka sake karɓewa. Ya zubar da dukiya mai yawa har ya yi rantsuwar ba zai ƙara kashe ko kwabo a kan zaɓe ba. Masu yabonsa sukan tsallake maganar injin niƙan nan, bai kuwa kamata ba.

To ta yaya ya ci Westminster ba tare da kashe kuɗi ba?

Westminster daban take da sauran mazaɓu, domin duk magidancin da ke biyan harajin unguwa yana da ƙuri'a. Dubban teloli, masu gyaran takalma, masu kantuna da masu buga littattafai ne ke zaɓe. A 1807 wasu daga cikinsu suka kafa kwamiti, babban mai tsara musu aiki shi ne Francis Place, wani tela mai shago a Charing Cross. Suka yi karo-karo, suka bi gida-gida.

Shi ɗan takarar yana kwance. Kwanaki kaɗan kafin zaɓe saɓani ya shiga tsakaninsa da James Paull, wani ɗan neman sauyi, suka fita bayan gari suka yi fito-na-fito da ƙananan bindigogi bisa al'adar masu daraja ta lokacin, kowa ya harbi ɗan'uwansa a ƙafa. Burdett bai halarci taron kamfe ko ɗaya ba, amma shi ya zo na ɗaya, kuma abin da kwamitin ya kashe bai kai fam 800 ba. A zamanin da ake zubar da dubbai a kan giya da abinci don sayen ƙuri'a, wannan ya girgiza jam'iyyun Tori da Wig baki ɗaya. Ya riƙe kujerar shekara talatin.

Me ya kai shi Hasumiyar Landan a 1810?

Asalin maganar wani yaƙi ne da Birtaniya ta kwashi kashinta a hannu a tsibirin Walcheren na ƙasar Holan a 1809, inda zazzaɓi ya kashe dubban sojoji. Da majalisa ta zauna bincike, sai wani ɗan majalisa, Charles Yorke, ya sa aka fitar da 'yan kallo da 'yan jarida. John Gale Jones, mai shirya taron muhawara a gari, ya manna takardar sukar wannan mataki. Majalisa ta kira shi ta tura shi kurkukun Newgate, ba kotu ba alƙali.

Burdett ya nemi a sake shi, aka kayar da ƙudurinsa. Sai ya buga wasiƙa ga masu zaɓensa a jaridar William Cobbett, yana cewa majalisa ba ta da hurumin ɗaure ɗan ƙasa haka kawai. Majalisa ta kwana tana muhawara, da asubahin 6 ga Afrilu ta yanke a kai shi Hasumiyar Landan, tsohuwar ganuwar da a lokacin ake tsare manyan fursunonin siyasa.

Ya ce takardar kamun haramtacciya ce, ya rufe ƙofar gidansa da ke titin Piccadilly. Jama'a suka cika titin. Duk wanda ya zo wucewa sai ya cire hula ya yi kirarin Burdett, in ya ƙi a watsa masa laka. Aka farfasa tagogin gidajen ministoci. Gwamnatin Spencer Perceval ta cika Landan da sojoji, su kansu lauyoyinta suna ta kai-kawo kan ko doka ta yarda a fasa ƙofar mutum da takardar kakakin majalisa. Ranar Litinin, 9 ga Afrilu, dogarin majalisa da 'yan sanda suka ɓalla ta ƙasan bene suka hau. Suka tarar da shi zaune cikin iyalinsa, ɗansa na gabansa yana fassara masa Magna Carta daga Latin, wato yarjejeniyar 1215 da ta ce ba za a ɗaure mutum ba sai bisa doka. Masu sukarsa sun ce shiri ne, da alama kuwa shirin ne, amma ya yi aiki: masu zane suka buga hoton, ya bazu ko'ina a ƙasar.

Aka saka shi a keken doki, sojojin doki suka kewaye shi, aka zaga ta arewacin birni don a kauce wa taro. A hanyar dawowa sojojin suka yi arangama da jama'a, suka buɗe wuta, aka rasa rayuka.

Me ya sa wasu magoya bayansa suka yi fushi da shi bayan an sake shi?

Ɗaurin majalisa yana ƙarewa ne ranar da ta tafi hutu, wato 21 ga Yuni. Kwamitin Westminster ya shirya gagarumin jerin gwano, mutane suka cika tituna da tagogi tun safe. Shi kuwa ya fita ta ƙofar kogi, ya shiga kwalekwale ya haye kogin Tems, aka bar keken da aka ƙawata masa babu kowa ciki. Ya ce tsoron a sake zubar da jini ne. Place ya ɗauke shi matsoraci, ya yi shekaru ba ya yi masa magana.

Uzurinsa yana da ƙarfi, ganin abin da ya faru a Afrilu. Laifinsa shi ne bai gaya wa mutanen da suka yi ta wahala dominsa ba. Wannan hali ya bi shi har ƙarshe: yana son talakawa su samu haƙƙinsu, amma ba ya son su riƙe masa linzami. Ƙarar da ya kai kakakin majalisa, Charles Abbot, ita ma ba ta yi nasara ba, kotuna suka tabbatar wa majalisa ikonta.

Wane irin gyara yake nema?

A 1809 ya kawo tsari mai sauƙi: duk magidanci mai biyan haraji kai tsaye ya samu ƙuri'a, a daidaita girman mazaɓu, a yi zaɓe rana ɗaya, a rage wa'adin majalisa. Mutum 15 suka goyi bayansa. A 1818 ya ƙara nisa, ya nemi ƙuri'a ga kowane namiji baligi, zaɓe kowace shekara, da jefa ƙuri'a a asirce. Sakamakon shi ne 106 da babu. Shi da abokin kujerarsa Lord Cochrane su ne masu ƙidayar ɓangarensu, babu wanda za su ƙirga.

Ya kuma daɗe yana yaƙi da bulalar da ake yi wa sojoji, wadda a lokacin takan kai ɗaruruwa a kan laifi ɗaya. Sannan shi ya jagoranci ƙudurin bai wa mabiya ɗarikar Katolika damar shiga majalisa a 1825. Ya wuce a majalisar wakilai, dattawa suka kashe shi, sai a 1829 gwamnatin Tori ta Firayim Minista Wellington da ministansa Robert Peel ta yi abin da kanta.

Ɗauri na biyu fa?

Ranar 16 ga Agusta, 1819, sojojin doki suka afka wa taron lumana na kimanin mutum 60,000 a filin St Peter da ke Manchester, suka kashe fiye da goma, suka raunata ɗaruruwa. Burdett yana gidansa na farauta a Leicestershire, ya karanta labarin a jarida, ya rubuta wasiƙa mai zafi ga masu zaɓensa. Gwamnati ta gurfanar da shi a Leicester, inda ya sa wasiƙar a gidan waya, maimakon Landan inda aka buga ta, domin ta san masu taya alƙali hukunci na Landan da wuya su kama shi da laifi. An same shi da laifi a 1820, a 1821 aka yanke masa wata uku da tara.

Gaskiya ne ya sauya sheƙa daga baya?

Ya sauya. Dokar gyaran zaɓe ta 1832 ta soke mazaɓu 56 na bogi, har da Boroughbridge da aka saya masa, ta ba manyan birane wakilai. Burdett ya goyi bayanta, kuma daga nan ya ɗauka aiki ya ƙare. Ya fara ƙyamar yadda gwamnatin Wig ta dogara da Daniel O'Connell, jagoran 'yan Katolikan Ailan, yana ganin barazana ce ga cocin Ingila da majalisar dattawa. Masu zaɓensa suka ce ya ajiye kujera. Ya ajiye a 1837, ya sake tsayawa da goyon bayan 'yan ra'ayin riƙau, ya kuma ci. Bayan 'yan watanni ya koma mazaɓar Wiltshire ta Arewa, kusa da gonakinsa, yana zaɓe tare da jam'iyyar Peel har ƙarshen ransa.

Shi ya dage cewa bai canza ba, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Bai taɓa neman a kawar da sarki ko a taɓa dukiyar masu ƙasa ba. Abokan gabansa su ne dillalan kujeru da ministoci masu raba muƙamai. Mutum ne mai son farautar yanyawa da karnuka, mai ganin cewa mai gona mai zaman kansa shi ne garkuwar talaka. Amma wannan bayanin bai rufe komai ba. Wanda ya tsaya a 1818 ya nemi ƙuri'a ga kowane namiji, bai dace ya gamsu da dokar da ta bar kusan huɗu cikin biyar na mazan Ingila babu ƙuri'a ba. Masaƙa da ma'aikatan da suka sha duka a Manchester ba su samu komai a 1832 ba, kuma da suka sake tashi a ƙarshen shekarun 1830 suna neman kusan abin da ya nema a 1818, yana ɗaya ɓangaren. Cobbett, wanda suka ɓata tun 1817 kan siyasa da wani bashi, ya daɗe yana cewa a nan za a ƙare.

'Ya'ya nawa ya bari, kuma wace ce Angela?

Namiji ɗaya da mata biyar. Namijin, Robert, shi ne yaron da ke karanta Magna Carta. Ya shiga soja, ya gaji sarauta, ya mutu a 1880 bai yi aure ba.

Autar, Angela, ta fi su duka suna. Kakanta Thomas Coutts ya bar dukiyarsa ga matarsa ta biyu, Harriot Mellon, tsohuwar 'yar wasan kwaikwayo. Ita kuma da za ta mutu a 1837 ta zaɓi Angela cikin jikokin mijinta, ta bar mata kimanin fam miliyan 1.8, tana 'yar shekara 23. Ta ƙara sunan Coutts a kan nata, ta shafe rayuwarta tana gina makarantu, coci-coci da gidajen talakawa a gabashin Landan. Sarauniya Victoria ta ba ta sarauta ta kanta a 1871. A 1881, tana da shekara 66, ta auri sakatarenta haifaffen Amurka mai kimanin shekara 30, abin da ya tayar da ƙura ya kuma jawo mata asarar kaso mai yawa na kuɗin shigarta bisa sharaɗin wasiyya. Ta rasu a 1906, aka binne ta a babban cocin Westminster.

Yaya ya rasu, kuma ina sarautar da gidajen suke yanzu?

Sophia ta rasu a Janairun 1844, shi kuma ya bi ta bayan kimanin kwana goma, saura kwana biyu ya cika shekara 74. An binne su tare a cocin Ramsbury.

Da Robert ya mutu babu ɗa, sarauta ta koma ga ɗan ƙanin mahaifinsa, daga shi sai ɗansa, baronet na takwas, wanda ya rasu a 1951 ba magaji namiji, sarautar ta ƙare a kansa. Gidan Ramsbury ya fita daga hannun zuriyar, an sayar da shi. Foremark kuwa tun bayan yaƙin duniya na biyu ya zama makarantar yara da ke ƙarƙashin makarantar Repton.